Ginin Jikin Ɗan Adam da Yadda Yake Gyara Kansa

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda magina suke aiki ya san yadda ake tā da katanga. Tubali ake jerawa ɗaya bisa ɗaya, a haɗa su da ƙasa, sa'an nan a shafe da yaɓe har a daina ganin layinsu. Ya kuma san gidan ƙasa ba ya zama da ginin farko kaɗai. Kowace shekara sai maigida ya duba inda ruwan damina ya ci, ya sa a yi sabon yaɓe, in ba haka ba nan da 'yan shekaru soro ya zube.

Jikin ɗan Adam ma da tubali aka gina shi, watau waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu rai da ake kira ƙwayoyin halitta. Kada a rikita su da ƙwayoyin cuta, gama waɗannan baƙi ne masu shigowa daga waje su yi ɓarna. Tubalin jiki yana ci, yana sha, yana aiki, kuma galibinsu suna tsufa su mutu, waɗansu su maye gurbinsu. Saboda haka jiki kullum cikin gini yake, dare da rana. Amma sassan jiki ba su sami wannan baiwa daidai da juna ba. Akwai masu sabunta kansu cikin 'yan kwanaki, akwai masu ɗaukar shekaru, akwai kuma waɗanda in sun lalace sun lalace ke nan. Sanin wannan bambanci shi ke nuna wa mutum ciwon da zai iya jira, da wanda jinkirin yini guda zai bar masa naƙasa har ƙarshen ransa.

YADDA AKA GANO SU

Ido ba ya iya ganin ƙwayar halitta, don haka mutanen dā ba su san da ita ba sai da aka ƙera madubi mai ƙara girman abu, wanda ake kira madubin likita. A shekarar 1665 wani masani a Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɓawon wani itace siriri ƙwarai, ya sa ƙarƙashin madubinsa, ya ga ashe cike yake da 'yan ɗakuna a jere kamar saƙar zuma. Ya laƙaba musu suna daga kalmar Latin mai nufin ɗan ƙaramin ɗaki. Ba da daɗewa ba wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda yake goge gilasansa da hannunsa, ya duba ɗigon jini a 1674, ya bayyana jajayen ƙwayoyin da ke cikinsa.

An yi fiye da shekara 150 kafin a gane ma'anar abin da suka gani. A 1838 da 1839 waɗansu Jamusawa biyu, Matthias Schleiden da Theodor Schwann, suka nuna cewa tsiro da dabba duka da ƙwayoyin halitta aka gina su. A 1855 kuma wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya yaɗa ƙa'idar cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take fitowa, daga baya ya koyar cewa ciwo a cikin ƙwayoyin nan yake farawa. A kan wannan tushe aikin asibiti na zamani ya tsaya. Shi ya sa likita yake aika jini, ko majina, ko ɗan guntun nama, ɗakin gwaji don a duba.

YAWANSU DA GIRMANSU

Masana sun ƙiyasta cewa jikin babban mutum yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, watau miliyan 30 har sau miliyan. Dukansu daga ƙwaya guda suka samo asali, wadda ta samu sa'ad da ƙwan uwa ya haɗu da ƙwayar maniyyin uba. Ita ce ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, huɗun suka zama takwas, aka yi ta tafiya haka. Tun cikin mahaifa sai suka fara rabon sana'a, har suka kasu iri fiye da 200, kowane iri da siffar da ta dace da aikinsa.

Idan aka jera jajayen ƙwayoyin jini gefe da gefe, sai an jera kimanin 130 kafin su cika milimita 1. Ƙwan mace yana cikin mafiya girma, faɗinsa ya kai wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Wajen tsawo kuwa babu kamar ƙwayar jijiyar saƙo: akwai wadda take tasowa daga ƙasan gadon baya, zarenta ya miƙe har babban yatsan ƙafa, tsawon kusan mita 1.

ABIN DA KE CIKIN ƘWAYA

Ƙwayar halitta ta yi kama da gida mai katanga da zaure. Wani tantani siriri ne ya kewaye ta, shi ke tsare ƙofa. Yana barin abinci da ruwa da iskar oksijin su shiga, yana fitar da datti, yana kuma karɓar saƙo daga sauran jiki. Daga ciki akwai ruwa mai kauri, shi ne tsakar gida inda ake hidima. A nan murahu suke, waɗanda masana ke kira mitokondiriya, masu ƙona sukarin da aka samo daga abinci tare da oksijin, su fitar da ƙarfin aiki da ɗumin jiki. Ƙwayoyin da suka fi wahala, kamar na zuciya, su suka fi yawan murahu. A nan kuma 'yan maƙeru suke, masu ƙera furotin, wanda da shi ake gina nama da gashi da farce da sinadaran narkar da abinci.

A tsakiya akwai cibiyar ƙwaya, wadda take kamar turakar maigida. A cikinta aka ajiye umarnin ginin jiki duka, a rubuce jikin wani dogon zare da ake kira DNA. In da za a warware zaren ƙwaya guda, tsawonsa zai kai wajen mita 2. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Jami'ar Kambirij, da taimakon hotunan da Rosalind Franklin da abokan aikinta suka ɗauka a Landan. An naɗe zaren nan ƙunshi 46, lissafin da aka tabbatar a 1956: 23 daga uwa, 23 daga uba. Ta nan ɗa yake gadon kamannin iyayensa, ta nan kuma yake gadon waɗansu cututtuka.

Biyu daga cikin ƙunshin nan su ke sa jariri ya zama namiji ko mace. Ƙwan uwa iri guda yake ɗauke da shi ko da yaushe, wanda ake kira X. Ƙwayar maniyyin uba kuwa tana iya ɗaukar X ko Y. In X ta zo a haifi mace, in Y ta zo a haifi namiji. Ashe babu dalilin ɗora wa mace laifi don ta haifi 'ya'ya mata, kuma shi uban ma ba shi da ikon zaɓi.

SAƘA IRI HUƊU

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙwayoyi masu sana'a ɗaya suna haɗuwa su yi aiki tare, kamar yadda zare da zare suke haɗuwa su zama ƙyalle. Wannan haɗuwa ita ake kira saƙa, kuma kalmar da Turawa ke amfani da ita ma daga Faransanci ta fito da wannan ma'ana. Wani likita Bafaranshe, Xavier Bichat, wanda ya rasu a 1802, ya lasafta iri 21. Masana na yanzu sun tattara su gida huɗu.

Ta farko ita ce saƙar shimfiɗa. Ƙwayoyinta a manne suke da juna kamar daɓe, su ne suka rufe jiki daga waje, suka kuma shimfiɗe cikin baki da hanji da hanyar numfashi da mafitsara. Fata tana tsare jiki daga ƙwayoyin cuta da bushewa. Shimfiɗar hanji tana tsotse abinci. Ta hanyar numfashi tana da 'yan gasu masu kaɗawa ba fasawa, suna share majina da ƙura zuwa maƙogwaro. Hayaƙin taba yana kashe wa 'yan gasun nan ƙarfi, shi ya sa mashayi yake tashi da tari.

Ta biyu ita ce saƙar haɗi, mai ɗaure sassa da tallafe su kamar azara. Ƙashi da guringuntsi da agara da kitse duk cikinta suke, har da jini. Ƙwayoyinta a warwatse suke cikin abin da su da kansu suka ƙera, galibi wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin. Ƙashi, ko da yake ana ganinsa kamar dutse, abu ne mai rai, da jini a cikinsa. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206.

Ta uku ita ce tsoka, wadda ƙwayoyinta dogaye ne masu takurewa su saki. Iri uku ce. Akwai wadda take manne da ƙashi, mutum yana motsa ta sa'ad da ya so, irinta sun fi 600 a jiki. Akwai ta hanji da mahaifa da jijiyoyin jini, mai aiki ba da sanin mai ita ba. Akwai kuma ta zuciya, wadda take bugawa wajen sau 100,000 kowace rana.

Ta huɗu ita ce jijiyar saƙo. A nan sai a lura, gama Hausa tana kiran abu uku da sunan jijiya: hanyar jini, da agara mai ɗaure tsoka da ƙashi, da farin zare mai kai saƙo. Wannan na ƙarshe ake nufi. Ƙwaƙwalwa da laka da zarurrukan da suka fito daga cikinsu duk da ita aka yi su. Ita ke kai labarin zafi da sanyi da taɓawa, ta komo da umarni zuwa tsoka. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana da irin waɗannan ƙwayoyi kimanin biliyan 86.

Kowace gaɓa haɗin saƙoƙin nan ce. Tumbi, alal misali, yana da shimfiɗa daga ciki mai fitar da ruwan narkar da abinci, da tsoka mai dama shi, da jijiyar saƙo mai tsara aikin, da saƙar haɗi mai riƙe su duka.

JINI

Jini shi ne fataken jiki, mai kai wa kowace ƙwaya guzurinta, ya kwaso dattinta. Babban mutum yana da wajen lita 5. A cikin ɗigon da bai wuce kan allura ba akwai jajayen ƙwayoyi kimanin miliyan 5. Suna ɗauke da wani jan sinadari mai ƙarfe a cikinsa, hemogulobin, wanda yake kamo oksijin a huhu ya sake shi a nama. Jar ƙwaya ba ta da cibiya, saboda haka ba ta iya rabuwa. Takan yi kwana 120 tana aiki, sa'an nan saifa da hanta su janye ta. Ɓargo ne yake ƙera sababbi, fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa.

Fararen ƙwayoyi ba su kai jajaye yawa ba, tsakanin 4,000 da 11,000 suke a cikin wannan ɗigo, amma su ne dakarun jiki. Waɗansu suna haɗiye ƙwayoyin cuta, waɗansu suna ƙera makamin da ya dace da kowace cuta, su kuma riƙe kamanninta shekara da shekaru. A kan wannan tunawa allurar rigakafi ta dogara. Mugunyar da ake gani a maruru gawar dakarun nan ce haɗe da ta abokan gaba. Ƙaluluwar da ke fitowa a hantsa ko hammata alama ce ta cewa ana yaƙi a kusa. Na uku su ne 'yan ɓarɓashi masu daskarar da jini, waɗanda ba sa wuce kwana 10 a raye.

Cututtuka biyu da suka addabi ƙasar nan a jar ƙwaya suke yin aikinsu. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana fara sauka a hanta, sa'an nan ta shiga jajayen ƙwayoyi ta hayayyafa, ta fasa su. In fashewa ta fi ƙarfin ɓargo sai jini ya yi ƙaranci, tafin hannun yaro da cikin idonsa su yi fari. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke.

Ɗayar ita ce amosanin jini, watau sikila, wadda wani likita a Amurka, James Herrick, ya bayyana a 1910. Gadonta ake yi. Hemogulobin ɗin mai ita yana da 'yar tangarɗa, sai jar ƙwaya ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta jawo ciwo mai tsanani a ƙashi da ƙirji. Irin wannan ƙwaya ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadon nan, watau AS, yana zaune lafiya lau. Amma in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai SS. Kowane ciki da nasa lissafin, haihuwar mai sikila guda ba ta kuɓutar da na bayansa. Gwajin jini kafin a sa rana shi ke raba gardama.

MASU SABUNTAWA DA WAƊANDA BA SA SABUNTAWA

Shimfiɗar hanji ita ta fi kowa sauri, cikin kwana 3 zuwa 5 an sāke ta. Saman fata yana ɗaukar wajen wata guda. Ƙashi ana rushe tsohonsa ana gina sabo a hankali, kimanin kashi ɗaya cikin goma kowace shekara. Hanta tana iya komowa girmanta ko da likita ya yanke fiye da rabinta. Amma in aka yi ta ƙuntata mata shekaru, ta hanyar giya ko ciwon hanta iri na B, sai tabo ya cinye ta, ta ƙanƙance ta taurare.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda kusan da su aka haifi mutum, da su zai mutu. Tsokar zuciya ba ta sabunta fiye da kashi 1 cikin 100 a shekara. In hanyar jininta ta toshe, wurin da ya mutu tabo ne zai maye shi, tabo kuwa ba ya bugawa. Farin saman haƙori in ya rube ba ya komowa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na laka, galibinsu in sun mutu babu madadinsu, kuma sukan fara mutuwa in jini ya yanke musu na minti 4 zuwa 6. Wannan shi ne abin da ke faruwa wajen shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini yake kan gaba cikin masu jawo ta. Mutumin da bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, asibiti ya kamata a nufa da shi nan take. Wanda ya rayu yana iya samun sauƙi ta motsa jiki bisa koyarwar ma'aikatan lafiya, domin ƙwayoyin da suka saura suna koyon aikin waɗanda suka tafi.

Shan inna ma haka take. Ƙwayar cutar tana hallaka ƙwayoyin laka masu ba tsoka umarni, sai ƙafa ta shanye, babu maganin da zai tā da ita. Ɗigon rigakafi ne ya kawo ƙarshen asalin cutar: a Jihar Borno aka ga na ƙarshe a Nijeriya a 2016, a 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ita. Duk da haka ana ci gaba da ɗigon, gama akwai wani nau'i da ke yawo inda aka bar yara ba rigakafi.

Kuturta tana kama jijiyoyin saƙo na fata da hannu da ƙafa. Mai ita yakan ƙone ko ya ji rauni bai sani ba, raunukan nan su ke cin yatsu. Alamarta ta farko wuri ne mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Maganinta kyauta ake bayarwa tun 1995, ana sha wata 6 ko 12, kuma in an fara da wuri ba ta barin naƙasa. Dalma kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. A 2010 ƙurar dutsen zinariya mai dalma, wanda ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara, ta bar waɗansu da lahani.

YADDA RAUNI YAKE WARKEWA

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar fata ta tsage, jiki yana fara gyara mataki-mataki. Cikin 'yan mintoci ɓarɓashin jini sun toshe kafar, jini ya daskare. Sa'an nan wurin ya yi ja, ya kumbura, ya yi ɗumi, domin hanyoyin jini sun buɗe don fararen ƙwayoyi su iso. Bayan 'yan kwanaki sabon jan nama ya taso daga ƙasa, ƙwayoyin saƙar haɗi suna zuba kolajin, na fata kuma suna rarrafowa daga gefe har su haɗu. Tabon da ya saura yana ƙara ƙarfi wata da watanni, amma ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali.

Abin da wannan aiki yake bukata daga mutum kaɗan ne: a wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Toka da ƙasa da kashin shanu suna kashe sababbin ƙwayoyi, suna kuma kawo ciwon sarƙe-haƙora, wanda ake kira tsinkau-tsinkau, musamman in an shafa su a cibiyar jariri. Ƙuna kuwa ruwan sanyi mai tsabta za a yi ta zuba mata na wajen minti 20. Gyambon da ya ƙi warkewa yana iya zama alamar ciwon sukari ko sikila, sai a je a gwada jini.

Karaya ma da irin wannan tsari take ɗoruwa. Jini ya taru a wurin, guringuntsi ya haɗa bakin biyu, sa'an nan ya rikiɗe ya zama ƙashi. Ga babba aikin yana ɗaukar mako 6 zuwa 12, ga yaro bai kai haka ba. Ƙashi da kansa yake haɗewa, aikin mai ɗori shi ne ya daidaita shi ya hana shi motsi. Haɗarin yana wajen ɗauri. Gaɓar da ta karye tana kumbura, in karan ɗori ya matse ta sai jini ya yanke, tsoka kuwa takan fara mutuwa bayan kamar awa 6. Yara da yawa sun rasa hannu ta wannan hanya a kan karayar da za ta warke sarai. In yatsu suka yi sanyi, ko suka sāke launi, ko suka daina ji, ko zafi ya yi ta ƙaruwa, lalle a sassauta ɗauri a tafi asibiti a wannan sa'a.

IN RABUWA TA ƁACI

Ƙwaya lafiyayya ta san lokacin rabuwa da lokacin tsayawa. Wani lokaci rubutun da ke cibiyarta yakan lalace, sai ta yi ta rabuwa ba ƙaƙƙautawa, 'ya'yanta su taru su zama ƙari, su kutsa cikin maƙwabta, su bi jini zuwa waɗansu gaɓoɓi. Wannan shi ne ciwon daji, ko sankara. Ba kowane ƙari ne daji ba, madubin likita ne kaɗai yake bambancewa. Tun da yake daga wuri guda yake farawa, wanda aka gano da wuri ya fi saurin jin magani. Ƙullutu a nono, da zubar jini ga macen da ta daina al'ada, da miki a baki wanda ya ƙi warkewa, da rama ba dalili, duk abin kai wa likita ne.

Akwai hanyoyin tsare kai. Taba tana jawo dajin huhu da na baki. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai jawo dajin hanta, don haka a shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin a zuba a rumbu. Allurar ciwon hanta iri na B ana yi wa jariri a ranar haihuwa. Tun watan Oktoba na 2023 kuma Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo dajin bakin mahaifa.

GUZURIN MAGINA

Magini ba ya aiki sai da kayan aiki, kayan aikin jiki kuwa ta baki suke shiga. Gero da dawa da masara da shinkafa su ne itacen murhu, suna ba da ƙarfi. Amma tubali sai da abincin gina jiki: wake, gyaɗa, waken suya, nono, ƙwai, kifi da nama. Ɓargo yana bukatar sinadarin ƙarfe, wanda ake samu a hanta da nama da wake da ganyaye irin su zogale da alayyafo, mace mai ciki kuwa bukatarta ta fi ta kowa. Lemo da gwaiba da kuka da tumatir suna taimakon ƙera kolajin. Manja da karas da mangwaro suna tsare ido daga dundumi. Gishiri mai sinadarin aidin yana hana maƙoƙo.

Kimanin kashi 60 cikin 100 na jikin babba ruwa ne, na jariri ma ya fi haka. Shi ya sa gudawa take kashe yaro da sauri, gama ƙwayoyinsa ne suke bushewa. Ruwan gishiri da sukari na cikin ƙunshi, wanda ake samu a ɗakin magani, shi ke mayar da abin da ya zube. Ƙwaƙwalwar yaro kuma takan kai wajen kashi 90 cikin 100 na girmanta kafin ya cika shekara 5, saboda haka yunwar waɗannan shekaru tana barin giɓin da ƙoshin baya ba ya cikewa duka.

ABUBUWAN KIYAYEWA

1. A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, sa'an nan a ƙara da kunu mai gyaɗa ko wake, ana ci gaba da shayarwa.
2. A kai yara rigakafi har a cika katinsu.
3. A kwana cikin gidan sauro, a gwada jinin mai zazzaɓi tun ranar farko.
4. Saurayi da budurwa su san irin jininsu tun kafin magana ta yi nisa.
5. A wanke rauni, a rufe shi, kada a sa masa toka ko ƙasa.
6. A riƙa duba yatsun wanda aka yi wa ɗori safe da yamma.
7. Babba ya riƙa auna jininsa ko da ba ya jin ciwon kome.
8. Ƙullutu, da fatar da ba ta jin taɓi, da gyambon da ya daɗe, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Fata da jini da ƙashi suna gyara kansu muddin an ba su abinci da tsabta da lokaci. Ƙwaƙwalwa da laka da zuciya kuwa tsare su ake yi tun suna lafiya, domin abin da ya mutu a cikinsu babu likitan da zai komo da shi. A kansu ne maganar nan ta fi zama gaskiya, cewa rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba, mai neman ƙarin bayani kuma ya tuntuɓi asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa da shi.